Filin Tambayi Likita: Sankarar fatar fuska, ko haɗa magunguna zai iya maye gurbin tiyata?

Wasiƙun wannan fitowa sun taru a kan sankarar fata da ke fitowa a fuska, da hanyoyin magance ta ba tare da an sa wuƙa ba. Mun zaɓi shida daga ciki.

Assalamu alaikum, Likita. Mahaifiyata mai shekara 78 tana da wani ɗan ƙurji a kumatu, ya fi shekara yana yin ɓawo yana sake fashewa. An ɗebi tsokar wurin an gwada, aka ce sankara ce nau'in basal. Tana shan maganin tsinka jini saboda zuciya, ga ta da tsoron tiyata. Na ji ana haɗa man shafawa da daskarar da wurin a rabu da ita. Gaskiya ne? — Malama H.

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba Mama lafiya. Gaskiya ne ana yin haka, amma kafin a kai ga zaɓen magani, ki koma ga takardar gwajin tsokar nan, domin "basal" kaɗai bai isa amsa ba. Sankarar basal iri-iri ce. Akwai ta saman fata, wadda ke shimfiɗe kamar tabon ƙyasbi mai ɓawo. Akwai mai ƙullutu, wadda ke tasowa tana sheƙi, wani lokaci tsakiyarta ta lotsa. Akwai kuma mai kutsawa, wadda ke aika siraran jijiyoyi ƙarƙashin fata mai kama da lafiyayya, har ido bai iya ganin iyakarta. Man shafawa yana aiki sosai a kan ta farko, yana taɓukawa a kan ƙaramar ta biyu idan an haɗa shi da wata hanya, ta uku kuwa ba huruminsa ba ce ko kaɗan.

Abu na biyu shi ne wurin da take. Hanci da gefensa, kewayen ido, kunne, leɓe da tsakanin ido da kunne wurare ne da sankara ke saurin nutsewa, take kuma yawan dawowa. Kumatu da goshi sun fi sauƙi, to a nan Mama ta yi sa'a. Man da aka fi amfani da shi, imikwimod mai ƙarfin kashi 5 cikin 100 da ake sayarwa da sunan Aldara, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2004 don sankarar basal ta saman fata da ba ta wuce santimita 2 ba, a gangar jiki da wuya da hannuwa da ƙafafu, ban da daga wuyan hannu zuwa yatsu da daga idon sawu zuwa yatsu. Fuska ba ta cikin jerin. Likitan da ya rubuta shi don fuska yana yin haka ne da nasa hukuncin, kuma nauyin bin diddigi yana wuyansa.

Imikwimod ba ya kashe sankara da kansa. Yana tayar da garkuwar jiki ne a wurin da aka shafa, ƙwayoyin garkuwar su taru su afka wa sankarar. Rauninsa shi ne ba ya nutsawa da nisa. Daskarewa da ruwan naitirojin, wanda sanyinsa ya kai digiri 196 ƙasa da sifili, yana nutsawa, amma idan shi kaɗai za a dogara da shi sai an daskarar da wurin da ƙarfi, har sanyin gindin ƙullutun ya kai wajen digiri 50 ƙasa da sifili, kuma hakan na barin rauni mai jinkirin warkewa da farin tabo. Dalilin haɗa su ke nan: kowanne ya toshe giɓin ɗan'uwansa. Tsarin da likitocin fata na jami'ar Yowanina a ƙasar Girka suka fito da shi haka yake: ana shafa man kowane dare har mako 5, a ƙarshen mako na biyu a fesa naitirojin sau biyu, kowane fesawa kimanin daƙiƙa 15, a bar wurin ya narke gaba ɗaya a tsakani, sannan a ci gaba da shafawa sauran mako uku. Sanyin yana farfasa ƙwayoyin sankarar a daidai lokacin da garkuwar jiki ta riga ta yi cincirindo a wurin, sai ta sami abin kamawa. Sun ba da rahoton warkewa sama da kashi 90 cikin 100 a ƙananan ƙullutai.

Sai dai yawancin wannan shaida daga cibiya ɗaya ta fito, kuma ba a gwada ta kafaɗa da kafaɗa da tiyata a babban gwaji ba. Inda aka yi irin wannan gwaji da imikwimod shi kaɗai, a Birtaniya, bayan shekara 5 kimanin kashi 83 cikin 100 na waɗanda suka shafa man ba su ga dawowar ciwon ba, na tiyata kuwa kusan kashi 98. Wannan tazara ba ƙarama ba ce, kuma wajibi ne a gaya wa Mama ita da bakin da za ta gane.

Batun maganin tsinka jini kuma, kada ya zama shi ne dalilin guje wa tiyata. Yanke ƙaramar sankara a kumatu aiki ne na ƙasa da awa ɗaya da allurar kashe zafi, mutum na farke, kuma galibi ba a ma dakatar da maganin. Kada ta daina sha da kanta. Idan bayan ta ji duk wannan ta ce ita dai ba ta son wuƙa, kuma gwaji ya nuna ta saman fata ce ko ƙaramin ƙullutu mai bayyanannen iyaka, to haɗin man da daskarewa zaɓi ne mai ma'ana ga mai shekarunta.

Likita, ina mako na uku da fara shafa Aldara a goshi. Wurin ya yi ja, ya kumbura, yana tsattsafo da ruwa, jiya har da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi. Maganin ne bai karɓe ni ba? In daina? — Malam S.

Malam, abin da ka lissafa shi ne aikin maganin. Ja, kumburi, ƙaiƙayi, ɓawo da ɗan miki duk alamun garkuwar jiki ce ta tashi, kuma an lura waɗanda wurinsu ya yi irin wannan fushi sun fi samun warkewa a kan waɗanda fatarsu ta yi shiru. Zazzaɓin da ciwon jiki kamar na mura suna zuwa ne daga sinadarin intaferon da garkuwar jiki ke fitarwa. Farasitamol yakan wadatar.

Duba yadda kake shafawa. Tsarin da aka saba da shi idan man ne kaɗai: dare biyar a jere a mako, hutun dare biyu, har mako 6. A wanke wurin da ruwa da sabulu marar ƙarfi, a bari ya bushe sarai, a shafa siriri a kan tabon da kuma santimita 1 na fatar da ke kewaye da shi, a murza har ya ɓace. Ya kwana kimanin awa 8, da safe a wanke. Kowace 'yar leda tana ɗauke da miligiram 250, abin da ya rage a zubar. Kurakuran da suka fi jawo wahala guda uku ne: lafta man da kauri da tunanin zai fi aiki, rufe wurin da filasta marar shan iska wadda ke ninka ƙarfin maganin, da kuma barin sa ya gangaro da gumi zuwa ido. A goshi wannan na ƙarshe yana faruwa sosai, don haka a shafa shi awa ɗaya kafin kwanciya, a kuma wanke hannu.

Idan zafin ya hana ka barci ko mikin ya faɗaɗa, likitanka zai iya ba ka hutun 'yan kwanaki, sannan ka ci gaba. Ba a ƙara wa mako shidan tsawo don rama kwanakin hutu. Kada ka shafa man sitiroyid don kwantar da kumburin sai da izininsa, domin yana kashe wutar da ake so ta ci. Abin da zai sa ka tafi asibiti a ranar: mugunya mai wari, ja da ke yaɗuwa nesa da inda ka shafa, kumburin da ya rufe ido, ko zazzaɓi mai zafi da ya ƙi sauka. Waɗannan na iya nufin ƙwayoyin cuta sun shiga mikin.

Ka kuma sani tun yanzu cewa launin wurin na iya canzawa, ya yi haske ko ya yi duhu, kuma a wasu mutane ba ya komawa yadda yake. Masu duhun fata sun fi ganin haka, musamman idan an haɗa da daskarewa, saboda ƙwayoyin da ke ba fata launi suna mutuwa a ɗan sanyi kaɗan ƙasa da sifili, tun kafin sanyin ya taɓa sankarar.

An ce mini akwai maganin haske da ba ya barin tabo. Ni mace ce mai shekara 44, sana'ata ta tsayawa gaban jama'a ce. Me ya sa likitana ya ce sai ya kankare wurin tukuna? — Malama R.

Saboda haske da man da ake haɗa shi da shi ba sa wuce zurfin kimanin milimita 2. Ga yadda ake yi. Ana cire ɓawon da ke saman tabon, idan ƙullutu ne a kankare tudun da ɗan ƙarfe mai baki kamar cokali. Sai a shafa man Metvix da kaurin milimita 1, a haɗa da milimita 5 zuwa 10 na fatar gefe, a rufe da abin da haske ba ya ratsawa har awa 3. A cikin wannan lokaci ƙwayoyin sankara suna mayar da man wani sinadari mai jin haske, suna tara shi fiye da lafiyayyun ƙwayoyi. Daga nan a goge, a sa miki tabarau na kariya, a haska jan haske na 'yan mintuna, sinadarin ya fitar da iskar oksijin mai guba da ke kashe ƙwayar daga ciki. Ana maimaitawa bayan kwana 7, a duba sakamako bayan wata 3. Wasu cibiyoyi suna amfani da na'urar hasken leza su huda ƙananan ramuka a fata kafin shafa man, duk don ya nutsa.

Lokacin haskawa akwai zafi kamar ƙuna, kuma a fuska ya fi tsanani. Iska mai sanyi, fesa ruwa ko allurar kashe zafi suna taimakawa. Kwana biyu bayan nan a kare wurin daga rana da haske mai ƙarfi.

Ta fuskar kyan tabo, wannan hanya tana gaba. Ta fuskar ɗorewa kuwa tana baya. A wani gwaji da aka yi a Holan da mutum 601 masu sankarar basal ta saman fata, bayan shekara 5 waɗanda ciwon bai dawo musu ba sun kai kimanin kashi 63 cikin 100 a rukunin haske, kashi 70 a rukunin man fulorourasil, kashi 80 a rukunin imikwimod. Ke kuma shekararki 44, wato akwai shekaru masu yawa a gaba da ciwon zai iya dawowa a cikinsu, kuma sankarar da ta dawo ƙarƙashin tabo ta fi ta farko wuyar cirewa. Idan tabon naki yana hanci ko kusa da ido, shawararmu ki tambayi tiyatar Mohs, wadda ake yanka siriri-siriri ana duba kowane yanki a madubin likita har a ga an fita daga sankarar. Ita ce ke barin lafiyayyar fata mafi yawa, warkewarta a sabuwar sankarar basal kuma tana kusan kashi 99. Kada garin neman gira a rasa ido.

Ƙanena zabiya ne, shekararsa 26. Fuskarsa da wuyansa cike suke da tabo masu kaushi, yanzu kuma wani ƙullutu ya fito a kunnensa, cikin wata biyu ya ninka girma. Man shafawa zai yi masa? — Malam U.

Malam, abu biyu ne a nan, kuma kada a haɗa su. Ƙullutun kunnen nan na gaggawa ne. Ƙullutu mai saurin girma a kunnen zabiya ana ɗaukarsa sankarar sukwamos, wani nau'in sankarar fata dabam, har sai gwajin tsoka ya ce ba ita ba ce. Ita ba kamar basal ba ce da ke zama wuri ɗaya: tana iya tafiya zuwa kaluluwar gaban kunne da ta wuya, kuma kunne da leɓe na cikin wuraren da ta fi yin haka. Babu man shafawa, babu haske, babu haɗinsu da ya dace da ita idan ta nutsa. Maganinta yankewa ne, in ba zai yiwu ba a yi gashi da na'urar rediyoterafi. A kai shi cikin makon nan, likita ya kuma lalluba wuyansa.

Tabo masu kaushin kuwa ɓarnar rana ce da ba ta riga ta zama sankara ba, kuma a nan haɗa magunguna yana da amfani ƙwarai. Ana daskarar da masu kauri ɗaya bayan ɗaya, sannan a bi duk filin da man fulorourasil mai kashi 5, wato Efudix, sau biyu a rana na mako 2 zuwa 4, domin ya kama har waɗanda ido bai gani ba. Akwai kuma gajeren tsari da ake gauraya fulorourasil da man kalsifotiriyol, wani dangin bitamin D, a shafa sau biyu a rana na kwana 4 kacal a fuska. Fatar za ta yi ja ta yi ɓawo, ta lafa cikin mako biyu zuwa uku. Ba a shafa fulorourasil a fili da ya wuce santimita 23 tsawo da 23 faɗi a lokaci guda. Mai ciki ba ta amfani da shi. Wanda ya fara gudawa mai tsanani, amai ko gyambon baki yana cikin shafawa ya tsaya nan take ya ga likita, domin akwai mutane ƙalilan da jikinsu bai da sinadarin da ke narkar da maganin. A kuma ɓoye bututun daga dabbobin gida, ɗan kaɗan yana kashe kare.

Duk wannan aikin banza ne idan rana ta ci gaba da dukansa. Hula mai faɗin baki da ke rufe kunne da ƙeya, riga mai dogon hannu, man kariya mai lamba 50 da ake sabuntawa duk awa biyu a waje, da duba fata wurin likita aƙalla sau biyu a shekara. Wani gwaji a Ostiraliya a 2015 ya nuna ƙwayar nikotinamaid, miligiram 500 sau biyu a rana, ta rage sababbin sankarar fata da kashi 23 cikin 100 a mutanen da suka taɓa yin ta, amma amfanin yana tsayawa da an daina sha. Ya tambayi likitansa.

Mahaifinmu ya bar nasa ciwon shekaru, yanzu ya ci gefen hanci ya kusa ido. Likitoci sun ce tiyata za ta tafi da idon. Akwai sauran dabara? — Malama Z.

Akwai, Malama, kuma a irin wannan hali ne haɗa magunguna ya fi nuna darajarsa. Kusan duk sankarar basal tana girma ne saboda wata hanyar saƙo a cikin ƙwayar halitta da ta kunnu ta ƙi tsayawa. Akwai ƙwayoyi iri biyu da ake sha da ke kashe ta: bismodegib, wato Erivedge, miligiram 150 a rana, da aka amince da shi a 2012, da sonidegib, wato Odomzo, miligiram 200 a rana ba tare da abinci a ciki ba, a 2015. A mutane da yawa ciwon yana motsewa cikin 'yan watanni. Matsalar ita ce sau da yawa yana dawowa idan aka daina, wani lokaci ma ya daina jin maganin. Shi ya sa ake amfani da su a rage girman ciwon, sannan a bi da gashin rediyoterafi, ko da tiyatar da ta fi ta farko ƙanƙanta, a kammala aikin.

Maganin yana da nauyi. Murɗewar tsoka musamman da dare, zubewar suma, gushewar ɗanɗano har abinci ya fita a rai, da rama: waɗannan ne ke sa mutane su ajiye shi. A riƙa auna nauyin Baba duk wata, a gaya wa likita da wuri, domin ana iya ba da hutu a tsakani maimakon a daina gaba ɗaya. Yana kuma nakasa ɗan tayi ƙwarai. Mace mai shan bismodegib ba za ta ɗauki ciki ba har wata 24 bayan ta gama, namiji kuma sai da kwaroron roba saboda maganin yana fita a maniyyi, kuma ba a ba da gudummawar jini.

Shi gashin ana raba shi ne kashi-kashi, yawanci kwana biyar a mako na wasu makonni, da garkuwa ta ƙarfe a kan ido. Ƙananan kaso masu yawa sun fi barin fata da kyau a kan manyan kaso 'yan kaɗan. An fi ba da shi ga waɗanda suka haura 60, saboda fatar da aka gasa tana sirancewa da shekaru, kuma ba a cika sake gasa wuri ɗaya ba. Idan ƙwayoyin shan sun gaza, akwai semifilimab, wato Libtayo, miligiram 350 ta jijiya duk mako 3, wanda ke sakin garkuwar jiki a kan sankarar. Shi kuma yana iya sa garkuwar ta juya kan huhu, hanji, hanta ko maƙoƙo, don haka sabon tari ko gudawa ba abin jira ba ne. Irin wannan shawara ta tawaga ce: likitan fata, na ido, na sankara da na rediyoterafi su zauna a kan fayil ɗin Baba tare.

Na ga ana tallar wani baƙin man shafawa da aka ce yana "zaro" sankara da saiwarta. Kuma idan wuri ya warke sumul bayan magani, shi ke nan an rabu? — Malam B.

Baƙin man nan guba ce mai cin nama, ba ta bambance lafiyayye da marar lafiya. Tana ƙona sama, ta bar rami da tabo, sankarar kuma ta ci gaba a ƙarƙashi. Mutane sun rasa ɓangaren hanci ta dalilinsa. Kada ka kusance shi.

Tambayarka ta biyu ta shafi duk hanyoyin da muka ambata. Tiyata tana ba da tsoka da za a duba a tabbatar an fita daga ciwon. Man shafawa, sanyi, haske da gashi ba sa ba da wannan tabbaci, kuma fata na iya rufewa lafiya lau a kan ragowar sankara. Saboda haka ana duba wurin mako 12 bayan gama imikwimod, ko wata 3 bayan haske, da madubin duba fata, a sake ɗibar tsoka idan akwai shakka. Bayan nan a riƙa komawa duk wata 6 zuwa 12 har shekara 5 aƙalla, a duba fatar jiki duka, domin wanda ya yi sankarar fata sau ɗaya yana cikin haɗarin yin wata a wani wurin. Ka ɗauki hoton wurin kafin magani, da ma'auni a gefensa, ka ajiye kwafin takardar gwajin tsokarka. Idan ka ga ƙurji mai sheƙi a bakin tabon, ɓawon da ke dawowa wuri ɗaya, jini ba dalili, tabon da ke tauri ko faɗaɗa, ko wurin ya fara mutuwa ko suka kamar allura, kada ka jira ranar da aka ba ka, ka koma a sake gwadawa.